Maganin Rage Ƙiba Na "Keto" Da Kuɗin Asusunmu: Jawabin Ɓangaren 'Yan Kasuwa

 

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da iyayen gidanmu maza da suka baro aikin gona suka zo suka zauna da mu, muna yi wa kowa barka da zuwa. 'Yan uwa da suka taso daga Malumfashi da Ƙafur, da na Bakori da Ɗanja da Ɗandume, sannunku da hanya. Allah Ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya da zaman lafiya.

Mu ɓangaren 'yan kasuwa an ba mu minti kaɗan, to za mu kashe su a kan magana ɗaya, domin maganar ta taɓa kuɗinmu kuma ta taɓa jikinmu. A bana wasu daga cikinmu sun nemi bashin jari daga asusu don su saro maganin rage ƙiba, irin wanda ake rubuta "Keto" a jikin robarsa. Akwai na ƙwaya, akwai na gari mai kama da madara, akwai shayi da kofi, har da mai kama da alawa. Waɗanda suka nemi bashin ba su yi laifi ba. 'Yan kasuwa ne, sun ga kaya na tafiya a WhatsApp da TikTok da gidajen biki, sun ga riba. Ma'aji ta ce a dakata sai an bincika. Mun tambayi ma'aikatan lafiya, mun sa 'ya'yanmu 'yan makaranta sun karanta mana abin da ke jikin robobin, mu ma mun bi baƙi ɗaya bayan ɗaya da ɗan karatun da muka samu. Ga abin da muka zo da shi.

Da farko, Keto asalinsa ba magani ba ne, tsarin cin abinci ne. Kuma ba don rage ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya tsara shi saboda masu farfaɗiya. Tun kafin nan likitoci sun lura cewa in mai farfaɗiya ya daɗe bai ci abinci ba, faɗuwar takan ragu. To yaro ba zai zauna da yunwa har abada ba, sai aka nemo abincin da zai sa jiki ya yi kamar yana azumi alhali yana ci. Har yau ana amfani da shi ga yaran da maganin farfaɗiya bai yi musu aiki ba, amma a ƙarƙashin kulawar likita, ana auna musu abinci da sikeli.

Yadda abin yake, jikinmu kamar murhu ne mai cin itace iri biyu. Itacen da ya fi so shi ne sukarin da yake samu daga hatsi da doya da dankali da rogo. In ya rasa wannan na kwana biyu zuwa huɗu, sai hanta ta juya kan kitse, ta narka shi ta fitar da wani sinadari da ake kira kiton, jiki ya riƙa aiki da shi. Daga nan sunan ya fito. Amma kafin a kai nan, sai mutum ya rage abinci mai sitaci zuwa ƙasa da giram 50 a yini. Kun san nawa ke nan? Malmalar tuwon masara guda ɗaya mai kyau ta wuce shi. Ma'ana ba tuwo, ba koko, ba fura, ba shinkafa, ba taliya, ba burodi, ko rake ɗin Ɗanja ba a yarda ba. Sai nama da ƙwai da kifi da mai da ganye. A ƙasar da muke noma masara da dawa, muke sayar da su, muke ciyar da gida da su! Wace ce a nan za ta ɗora tukunya biyu kullum, ɗaya ta tuwon yara, ɗaya ta namanta ita kaɗai?

Masu bin tsarin da gaske sukan rage nauyi, wannan gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Sai dai wanda ake gani a satin farko yawancinsa ruwa ne, saboda sukarin da jiki ya ajiye a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, in ya ƙare ruwan ya bi fitsari. Kuma da aka kwatanta masu Keto da masu rage mai a abinci, bayan shekara guda bambancinsu bai wuce kamar kilo ɗaya ba. Yawancin mutane ma ba sa iya jurewa su kai shekarar.

To a nan ne masu roba suka shigo. Suka ce ba sai kin bar tuwo ba, ga kiton ɗin nan mun haɗa miki, ki sha kawai. Mu da muke kasuwa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kiton a jikin mai bin tsarin shaida ce ta cewa kitse ya narke, kamar yadda toka take shaidar an ƙona itace. In kika sayo toka daga maƙwabta kika zuba a murhunki, itacenki ya ragu? Yana nan yadda kika tara shi. Abin ma ya fi haka, domin in jiki ya ga kiton ya yi yawa a jini daga waje, sai ya sassauta narka kitsensa, tunda ga abin ƙonawa an kawo masa a sauƙaƙe.

Masu talla suna yawan cewa an gwada a jami'a. Akwai gwajin da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Oxford ta Ingila. Mutum 15 kacal aka ba wani ruwan kiton, aka ga yunwarsu ta ragu na 'yan awoyi. Ba masu ƙiba ba ne, ba a auna ko sun rame ba, kuma irin ruwan da aka ba su daban yake da garin da ake kawo mana. Wannan ne ake ja kamar ƙosai a mai har ya zama "kilo goma a wata guda".

Yanzu ku ba mu hankalinku, nan ne wurin da ya fi tayar mana da hankali. Yawancin garin nan da ƙwayoyin, in kun duba za ku ga haruffa uku, BHB. Wannan kiton ne da aka haɗa da gishiri iri-iri, ciki har da irin sinadarin da ke cikin gishirin miya da kanwa. Mu mutanen wannan yanki muna da tarihi da kanwa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike a kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciyar gadon wuta. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun san matan da aka rasa ta haka, Allah Ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa da magi da gishiri da kanwar miya mun riga mun wuce. Sai kuma mai hawan jini ta ƙara da garin gishiri safe da yamma da sunan gyaran jiki?

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, in ta yanke tuwo rana ɗaya ba da sanin likitanta ba, suganta na iya faɗuwa ta some a rumfa. Wata kuma kiton ɗin ya taru ya sa jininta ya yi tsami, wannan kuwa sai gadon asibiti, in an yi jinkiri sai dai wani labarin. An taɓa samun irin wannan ga masu shayarwa da suka bi tsarin da tsanani, tunda jikinsu na ciyar da mutum biyu. Mai ciki, mai goyo, mai ciwon ƙoda ko hanta, duk ba nasu ba ne. Masu lafiya ƙalau ma sukan gamu da tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa.

Sannan akwai abin da ba a rubuta a jikin roba ba. Shayin rage tumbi da yawa ganyen wanke ciki ne a ciki, dangin filasko da kakanninmu suka sani. Ki yi kwana uku kina zarya bayi, ki hau sikeli ki ga kin yi sauƙi, ki ce magani ya yi. Ruwan jikinki ne ya tafi, kina sha ya dawo. Wanda ya fi wannan muni shi ne wani magani mai suna sibutramin. A 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomi sun sha kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Mai sha za ta ji abinci ya fita ranta, baki ya bushe, barci ya ƙaura, gaba na faɗuwa, ta ɗauka alamar aiki ce.

Wata za ta ce ai daga Amurka aka kawo. A Amurka, tun dokar 1994, irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba sa jiran amincewar hukumar magunguna kafin su shiga kasuwa. Hotunan manyan mutane da ake mannawa ma sau da yawa sata ce. Oprah Winfrey, fitacciyar mai shirin talabijin ta can, sai da ta fito da kanta a 2022 ta ce ba ruwanta da alawar rage ƙiba da ake sayarwa da sunanta.

A nan gida muna da NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Duk abin da babu lambarta, ba ma sai mun tsaya magana ba. Amma ga abin da ajin karatu ya amfane mu da shi: a kayan ganye da yawa lambar tana ƙarewa da harafin L, kuma a ƙasa akwai ƙaramin rubutu na Turanci da ke cewa hukumar ba ta tantance alƙawuran da aka yi a kan kayan ba. Wato an duba cewa ba guba ba ne, ba a ce yana aiki ba. Da can lamba kawai muke nema mu ce alhamdulillahi. Lambar ma ana buga ta jabu, shi ya sa hukumar ta yi manhajar waya mai suna Greenbook da ake duba ta ciki. Duk mai ɗa ko 'ya da babbar waya, ta sa a duba mata.

Abin dariya, abin tausayi, lokacin ƙuruciyarmu sha-ka-fashe ake nema. Amarya sai ta yi kumatu, in ba haka ba a ce gidansu ba a ci. Aka yi ta haɗiyar ƙwayoyin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka daban, fuska ta kumbura, wasu suka kwashi hawan jini da suga. Yau an juya, an ce sai siririya. Jikin namu ɗaya ne, masu sayarwa ne ke sauya kiɗa. Iyayen gidanmu, da girmamawa muke faɗa, yawancin matan da ke sayen kayan nan a ɓoye ba lafiya suke nema ba. Kalma ɗaya ce aka yar musu a ɗaki, ko tsoron a yo musu kishiya. Matar da ta haifa maka shida, Alhaji, ba za ta koma kamar ranar da aka kawo ta ba.

Duk da haka ba mu ce ƙiba ba matsala ba ce. Gwiwoyinmu sun sani. Iyayenmu sun ci tuwon nan dai ba su yi tumbi ba, domin su suka yi daka da surfe da ɗebo ruwa da tafiya gona a ƙasa. Mu kuwa inji ya karɓi turmi, babur ya karɓi ƙafa, muna zaune a rumfa daga hantsi zuwa magariba, ga shayi mai kauri da burodi, ga lemon kwalba in rana ta yi zafi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Ba masara ce ta ci amanarmu ba.

Ma'aunin da ya fi sauƙi yana hannun telolinmu. A ɗauki tef a zagaya ƙugu wajen cibiya. Mace in ta wuce inci 35, lokacin zuwa a gwada jini da suga ya yi. Kuma ba sai an zama sanda ba: mai kilo 90 in ta sauke biyar zuwa tara a hankali, kamar rabin kilo a sati, hawan jini da suga sukan nuna sauƙi. A rage malmala daga biyu zuwa ɗaya, a cika kwano da miyar ganye. Zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kabeji, duk namu ne. Awara daga waken suyar da muke nomawa, kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ƙwai, wake. Abin da masu Keto ke yabo a tsarinsu, rabinsa yana kan tiren 'yan tallarmu. A ƙara da tafiyar minti talatin, kwana biyar a sati, ko da daga gida zuwa kasuwa ne.

Saboda haka ga roƙonmu ga shugabanni da babban taro. Kada a fitar da ko kwabo daga asusu don saro maganin rage ƙiba ko na ƙara ƙiba, kowane iri ne. Kuɗin nan gumin mai ƙosai ne da mai daddawa, kuma masu sayen kayan mu ne dai da 'ya'yanmu. In wata ta faɗi, sunan ƙungiya za a kira kafin sunan kamfani. 'Yan uwanmu da suka nemi bashin kuma kada a sallame su hannu biyu. A ba su jarin a kan awara, ko busasshen zogale, ko sarin waken suya da kaka, mu da muka daɗe a harkar hatsi za mu raka su Ɗandume mu nuna musu hanya.

Muna kuma roƙon a cire wani abu daga ribar bana a sayi sikeli da na'urar gwada hawan jini, a ajiye wurin sakatariya, a nemi ma'aikaciyar jinya ta koya wa mutum biyu daga ajinmu yadda ake karanta lambobin. Wadda aka ga nata ya hau, a haɗa ta da Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, in abin ya fi ƙarfinsu ga Shika nan kusa. Wadda kuma take da irin robar nan a ɗaki yanzu haka, ba sai ta faɗa a gaban jama'a ba, ta dakata da sha, ta tafi da ita wurin likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya duba mata.

Hajiya shugaba, mun miƙa maganar gare ki, a sa ta cikin abin da za a ɗaga hannu a kai bayan sallar la'asar.