In Likita Ya Ce A Jira: Jawabi ga Dattawa da Zumuntar Maza

'Yan'uwa, yau za mu taɓa ciwon da mu maza muke jin nauyin ambatonsa, wato dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara.

Ba kowane irinsa ne ke gaggawa ba. Akwai mai tafiyar hawainiya, wanda likita zai ce a sa masa ido kawai: gwajin jini na PSA kamar duk wata 6, wani lokaci hoto, ko a ɗebi ɗan nama a auna. Wasunmu in sun ji haka sai su ce an raina su don talauci. Ba haka ba ne. A Birtaniya an bi maza 1,643 har shekara 15, sakamako ya fito a 2023. Da waɗanda aka yi wa tiyata, da waɗanda aka yi wa gashi, da waɗanda aka sa wa ido, kusan 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba.

Allurar danne sinadarin maza kuwa, irin su Zoladex, ta ciwon da ya yi ƙarfi ce ko ya bazu. Tana kawo zufa, ƙiba, raunin ƙashi da mutuwar sha'awa, abin da ya shafi matanmu ma. Kada mu neme ta don an yi wa maƙwabci.

Sai dai ciwon yakan canza hali, shi ya sa ba a tsallake ranar gwaji, ko da muna addu'a. Dattawa, ikilisiyoyinmu na ƙauye suna nesa da asibiti. Mu duba ko baikon taimako zai ɗauki kuɗin motar masu zuwa.