Jawabi Kan Karatun Ishiriniya Cikin Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku shehunanmu, muƙaddamai da ikhwani na Tsibiri, da baƙinmu daga Talata Mafara, Bakura da Maradun, Allah Ya saka da alheri.

Ishiriniyar da muke rerawa, Shehu Abdurrahman Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 627 Hijira, wato 1230. Ya bi haruffan Larabci 29, kowane harafi baiti 20, jimla baiti 580 na yabon Ma'aiki. Daga baya Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora shaɗara uku a kan kowane baiti, suka zama biyar biyar.

Da ta iso ƙasar Hausa, magabatanmu suka sa mata karin murya. Mai jan baƙi ya ɗauko, jama'a su karɓa, a daren Maulidi da dararen azumi. Ta haka wanda bai iya karatu ba ma ya haddace ta da kunne.

Yau kuwa matasa da yawa sun koma saurarenta a waya, su kaɗai. Wanda bai zauna a halƙa ba, ina zai koyi inda ake jan numfashi da inda ake karɓa? Don haka muna roƙon kowace zawiya ta ware dare guda a mako, a karanta harafi ɗaya tare da yara, malami ya fassara musu ma'anarsa.

Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya bar mu da son Ma'aiki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.