Takardar Neman Bashin Da Ba Ka Ci Ba: Me Mai Bi Zai Yi?

Jawabi ga dattawan ikkilisiya da shugabannin zumunta na yankin Yauri, Ngaski da Shanga
Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Romawa 13:7-8, Ayyukan Manzanni 16:35-39

 Na gode wa waɗanda suka ƙetaro ruwa da waɗanda suka biyo hanya daga Wara da Shanga. Ubangiji ya sāka muku.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin albasa yana cin bashin taki, masunci yana cin bashin koma ko injin jirgi, ya biya bayan kaka ko bayan kasuwa. Wannan ba abin kunya ba ne. Manzo Bulus ya umarci Romawa su ba kowa hakkinsa, Zabura 37:21 kuma ta lissafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye. Saboda haka wanda ya san ya ci, ya je ya biya. Maganata ta yau a kan wani abu dabam ce: takarda ko saƙon waya da ke zuwa wa mutum, ana neman ya biya kuɗin da bai taɓa karɓa ba.

Irin wannan takarda kashi uku ce, kowace da maganinta.

Ta fari, ta 'yan damfara ce, waɗanda muke kira 'yan 419. Takan zo da hatimi da sunan lauya ko na banki, da Turanci mai nauyi. Alamunta ba su ɓuya. Ba ta faɗin ranar da aka ci bashin, ko wurin, ko wanda ya shaida. Tana ba da wa'adin kwana ɗaya ko biyu. Tana barazana da 'yan sanda. Tana cewa a tura kuɗin cikin asusun wani mutum, ba na ma'aikata ba. Sau da yawa kuma takan ce kada a gaya wa kowa.

Ta biyu, ta masu ba da bashi ta manhajar waya ce. Yaronmu da ke makaranta a Birnin Kebbi ko aiki a Legas ya ci bashin naira dubu goma ta waya, manhajar ta kwashe dukan lambobin da ke cikin wayarsa. Da ya makara biya, sai a aiko wa kawunsa ko fastonsa saƙo cewa shi ne ya tsaya masa, ya biya ko a watsa hotonsa. Gwamnati ta san da wannan. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar kare hakkin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan da ke cikin waya, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Ku riƙe wannan: ba a mai da mutum garanto a bayan idonsa. Sai da yardarka da sa hannunka. Samun lambarka a wayar wani bai ɗora maka ko sisin kwabo ba.

Ta uku ita ce mai wuya, domin daga ma'aikata ta gaskiya take fitowa, amma akwai kuskure, ko kuwa wani ya yi amfani da sunanka. A nan jiharmu, a Birnin Kebbi, aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015, aka rubuta manoma ƙungiya-ƙungiya tare da lambar BVN. Wanda ya karɓi iri da taki da injin ban ruwa, bashi yana kansa. Amma idan an rubuta sunanka kaya ba su iso hannunka ba, kada ka yi shiru. Tun watan Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna izini su cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum da ke wani banki, ta hanyar BVN ɗinsa. Wannan takarda ba ta jefarwa a murhu ba ce.

To, me za mu yi? Ga abubuwa shida.

Ɗaya, kada ka biya komai don a rabu da kai. Wanda ya ba da dubu biyar yau don ya sayi kwanciyar hankali, ya nuna cewa ƙofarsa a buɗe take, gobe za a dawo. Biyan wani sashi kuma ana iya ɗaukarsa kamar ka amsa bashin ne.

Biyu, kada ka kira lambar da ke jikin takardar, kada ka taɓa adireshin intanet da aka aiko. Kada ka ba kowa lambar BVN ko NIN, ko lambar sirri ta katin ATM, ko lambobin da banki ke turowa ta waya. Banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka.

Uku, ka adana takardar da ambulan ɗinta da saƙonnin, ka rubuta ranar da suka zo.

Huɗu, ka je da ƙafarka. In an ambaci banki, ka shiga reshensa a Yelwa ko Birnin Kebbi. In an ambaci kotu, ka tambayi rajistara ko akwai wannan ƙara. Gani ya kori ji. Sammacin kotu na gaskiya kuwa ba a ƙin amsa shi, ko da ƙarya aka yi maka, domin ana iya yanke hukunci ba ka nan.

Biyar, ka nemi hujja a rubuce: nawa ne, yaushe, cikin wane asusu aka zuba, ina sa hannuna? Ka rubuta cewa ba ka yarda da bashin ba, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan banki bai warware ba, akwai sashen kare masu hulɗa da banki a Babban Banki. Dokar 2017 kuma ta ba kowa damar karɓar rahoton basussukan da ke kan sunansa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanoni irin su CRC da FirstCentral.

Shida, kada barazanar kamu ta razana ka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Damfara da barazana su ne laifi, ana kai su ga 'yan sanda ko EFCC. Marar kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da taimakon shari'a kyauta ta tarayya.

Wani zai ce, Fasto, ba gara mu haƙura ba, tunda mu kaɗan ne a garin nan? Na san wannan tsoro. Inda masu bi suke gida goma a ƙauye, sunan mutum ɗaya sunan ikkilisiya ne duka, kuma ba wanda yake so a ce ga Kirista maci amana. Da wannan kunya ce mazambata suke cin abinci. Amma ku tuna da Bulus a Filibi. Da aka doke shi ba shari'a, aka so a sallame shi a ɓoye, ya ƙi, ya sa mahukunta suka zo da kansu. Neman hakki cikin ladabi ba rashin bangaskiya ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma wannan masifa tana samunsu. Idan ka gane wata takarda ta ƙarya ce, ka sanar da mai unguwa da hakimi domin kowa ya tsira.

Iyayenmu dattawa, ga naku aikin. Matar da ta zo wurin Elisha gwauruwa ce, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Har yau gwauraye da tsofaffi da waɗanda ba su karanta Turanci su ake fara nema. Bashin mamaci, in an tabbatar da shi, daga abin da ya bari ake biya, ba daga awakin matarsa ba, sai fa in ta sa hannu. Ina roƙo kowace majami'a ta zaɓi mutum biyu masu karatu da riƙon asiri, waɗanda za a riƙa kai wa irin waɗannan takardu. Idan saƙon ɓata suna ya zo a kan wani ɗan'uwa, kada mu tura shi gaba, mu kira shi a keɓe. Adashin zumuntar mata da bashin asusun ikkilisiya kuma a rubuta su a littafi da shaidu biyu. Matasa, ku karanta Karin Magana 22:26-27 kafin ku tsaya wa kowa, kada kuma ku ba da BVN ɗin iyayenku don an yi muku alkawarin tallafi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ubangiji ya ba mu gaskiyar biyan abin da ke kanmu, da ƙarfin zuciyar ƙin abin da ba namu ba. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.