Dutsen Da Ke Haske Cikin Duhu: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Wanda ya taɓa ganin ma'aikacin banki ya sa takardar kuɗi ƙarƙashin wata 'yar fitila mai shuɗi-shuɗi, ya riga ya ga rabin abin da zan faɗa. Fitilar nan tana fitar da hasken da ido ba ya gani, Turawa na ce masa ultrabayolet. Ko kunama aka haska da ita da dare, sai ka ga tana sheƙi.

Akwai wani dutse mai suna libigait, wanda aka raɗa wa sunan masanin nan na Jamus, Justus von Liebig. Dangin farar ƙasa ne, amma da yuraniyam a jikinsa, irin ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit ta Nijar a 1971. In ka kashe wutar ɗaki ka haska shi, sai ya yi kore shar. Yana shanye hasken da ba a gani, ya mayar da shi da ƙarfinsa ya ragu, har ido ya iya kamawa. Ana ɗauke fitila, shi ke nan.

To, kada a ruɗe. Ba wannan koren ne haɗarin ba. A 1896 Henri Becquerel a Faris ya ajiye gishirin yuraniyam cikin aljihun tebur tare da farantin ɗaukar hoto, don hadari ya hana rana fitowa. Da ya wanke farantin sai ya tarar ya yi tabo. Ashe akwai wani tururi da ke fita ko cikin duhu. Baƙin dutsen yuraniyam ma ba ya ko ƙyalli a fitila.

Birnin Gwari da zinari aka san ta, kuma kowa a nan yana da ƙane ko ɗa a ramukan dajin nan. Mu tuna Zamfara a 2010: an riƙa daka dutsen zinari a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dutsen bai yi wa kowa alama ba.

Roƙona biyu ne. Mu hana 'yan'uwanmu daka dutse inda mata ke girki. Sannan cikin kuɗin gudummawar bana a sayo wa ɗakin kimiyya fitilar nan, ko guda biyu. Malamanmu da alli kawai suka kwatanta mana ita, Allah ya saka musu da alheri.