Lambar Yabo Bashi Ce

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu ya gabatar a gaban ɗaliban jami'a da suka yi zarra a karatu, waɗanda ke shirin kafa ƙungiyar hidimar al'umma a Damagaram.



 Da farko ina taya ku murna. Wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a ajinsa, a garin da ake bitar darasi da fitilar waya in wuta ta ɗauke, ya cancanci a tafa masa. Kun ce kuna son kafa ƙungiyar zakarun ɗalibai da za ta riƙa yi wa gari aiki, kuna tambaya da wane aiki za ku fara. Zan ba ku amsata, in ta yi ɗaci ku yi haƙuri, daga ɗan uwa ta fito.

Irin wannan ƙungiya tsohuwar al'ada ce a jami'o'in Amurka. Wadda ta fi tsufa cikinsu, Phi Beta Kappa, tun 1776 aka kafa ta, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya sun sa hidimar al'umma cikin sharuɗɗan zama mamba. Mu a nan ba sai mun yi aro ba. Muna da gayya tun kaka da kakanni, kuma duk ɗan ƙauyen da ke cikin ɗakin nan ya san ƙa'idarta. Mai gona ne ke kira, shi ya san inda ciyawa ta fi ƙarfinsa. Kowa ya zo da hauyarsa. Ba a tashi sai an kai ƙarshen kunya, kowa ya ga aikin da idonsa. Gobe kuma in taka gonar ce, a zo maka. Ku riƙe waɗannan huɗun, za mu dawo kansu.

Sai dai tarihin garin nan ya nuna mana ba kowane taron aiki ne gayya ba. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka zo da aikin dole, a ɗebo mutane daga garuruwansu a sa su sassaƙa hanya da ɗaukar kaya, ba a soke shi ba sai a 1946. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an raya samariya. Iyayenmu sun gina azuzuwa, sun share gari, sun yi aikin da har yau ake tunawa da shi, wannan ba mai musu. Amma samariya ta wancan lokaci a hannun hukuma take. Ana kiran ta ta ɗauki tubali ta yi tarbar baƙi, ba a kiran ta ta tambayi ina kuɗin siminti suka shiga.

Mu kuma zamaninmu ya zo da nasa salon, wanda nake kira aikin hoto. Kun san shi. A buga riguna, a sayo tsintsiya ashirin, a je bakin Kasuwar Dole a yi shara ta awa guda, a ɗauki hoto hamsin, a zuba a Facebook, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku leda ta dawo inda take. Ko ranar 3 ga Agusta a dasa itatuwa a jere, manya su zuba ruwan farko gaban kamara, watan Maris ya zo babu ko ɗaya da ya tsira daga awaki da ƙishi. Ku kwatanta da manoman Mirya, Magarya da Matamaye. Su ba su da riga mai tambari. Sun dai daina sare tohon gawo da sauran itatuwan da ke fitowa a gonakinsu, suna gyara shi shekara bayan shekara, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya kusan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Damagaram da Maraɗi. Abin da ya raba su da mu shi ne su suna komawa gonar gobe.

To, me za ku yi? Shawarata ita ce ku zaɓi aikin da ke buƙatar abin da kuka fi kowa iyawa. Shara kowa ya iya. Ku abin da Allah ya hore muku shi ne karatu, rubutu, lissafi da iya tsara bayani. A jami'armu akwai masu karatun likita, masu labarin ƙasa, masu tsara birane, masu koyon aikin koyarwa. Ga ayyuka uku da nake ganin gari na jiran ku da su.

Na farko, yaran da ke bayanku. A unguwanni irin su Kara-Kara da Garin Malam akwai ɗaliban da za su zauna jarabawar BEPC bana, iyayensu ba su da kuɗin ɗaukar malamin gida. Ku yi lissafi da ni. In ku talatin ne, kowa ya ba da awa biyu a mako, na mako talatin, awa 1,800 ke nan na darasi kyauta a shekara guda. Ku nemi aji ɗaya a wajen daraktan lakol, ku tsaida rana da lokaci, ku riƙe sunayen yara, ƙarshen shekara ku duba nawa suka ci. Kuna cikin wannan za ku ci karo da wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, wato yaron da ya iya karatu amma ba shi da takardar haihuwa. In wa'adin yin ta ya wuce, sai an bi ta kotu, uwa kuwa ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ɗalibi ɗaya da ya san hanya, ya raka uwaye goma, ya ceci shekarar yara goma. Sannan ku ƙirga azuzuwan zana da ke unguwar. Ba mu manta ba, a Afrilun 2021 gobara ta cinye yara 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma sama da 20 a Maraɗi. Wanda ke riƙe da adadin rumfunan da ke unguwarsa, lakol bayan lakol, maganarsa ta fi ta mai cewa "ilimi ya lalace" nauyi.

Na biyu, ruwa. Nan zan ɗan daɗe, don shi ne ciwon da aka haife mu a cikinsa. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga Arunguza, daga Gogo da Macaya, daga Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar lokacin da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan aka kai Yamai a 1926. Yau kusan shekara ɗari ke nan, har yanzu in bazara ta kama, yarinya na tashi da asuba ta bi layin bido, ta shiga aji a makare ko ta fasa zuwa. Kowa na kuka, amma ku tambayi kanku, wa ke rubutawa? Ku ɗauki unguwa guda. Ku zana taswirar duk pampon da ke cikinta, mai aiki da matacce. Ku sa gida goma su riƙa rubuta ranar da ruwa ya zo, da ƙarfe nawa, ya yi awa nawa. Ku riƙa rubuta farashin bido wajen 'yan garuwa kowane mako, daga Maris zuwa Yuni. Aikin nan ba ya cin kuɗi, littafi ne da biro da naci. Bayan wata huɗu kuna da abin da za ku ajiye a teburin kamfanin ruwa da ofishin magajin gari, ku ce ga unguwar da ta kwana kaza babu ruwa, ga abin da talaka ya kashe, me ake shiryawa? Za ku iya karanta shi a rediyo da Hausa, tsohuwa ta ji ta ce haka ne, ni ce wannan.

Na uku, damina. Garin da ke kukan ƙishi a watan Afrilu, shi ne ke kukan ambaliya a watan Agusta. A farkon Satumban 2024 mun ga yadda ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ban da gidajen talakawa da suka zube ba a ɗauke su hoto ba. Yashe magudanan ruwa aiki ne na watan Mayu, kafin hadari ya haɗu. Masu karatun tsara birane su bi unguwa su nuna inda ruwa ke kwanciya da inda shara ta toshe masa hanya zuwa tafki. Masu karatun likita su shiga gida gida da maganar gidan sauro da alamun zazzaɓin da bai kamata a kwana da shi ba. A nan ne shebur da baro ke da amfani, don an san inda za a sa su.

Kada ku ɗauki ukun gaba ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ku ɗauki ɗaya, a unguwa ɗaya, na shekara ɗaya.

Yanzu mu koma ƙa'idojin gayya. Mai gona ne ke kira, saboda haka kafin ku rubuta komai, ku je ku gaida mai unguwa, ku zauna da liman, ku saurari mata, ku sha shayi a fada. Samarin fada sun fi ku sanin wane lungu ne ke cika da ruwa. Har 'yan pale da ake tsoro, waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021, 'ya'yan garin nan ne, kuma in kun shiga Kara-Kara da girman kan "mu masu ilimi", ba za ku yi sati biyu ba. Kowa ya zo da hauyarsa, wato ku fara da abin da ke aljihunku, ko dala ashirin ashirin ce. Ƙungiyar da ta fara da neman mai ba da tallafi, ranar da kuɗin zama suka ƙare ranar take mutuwa. Abin da ya shigo da abin da ya fita, a rubuta, a karanta gaban kowa duk wata. Ba a tashi sai an kai ƙarshen kunya, don haka ku faɗi tun farko abin da za ku auna a ƙarshen shekara, ku fito ku faɗi sakamakon ko bai yi daɗi ba. Gobe kuma a zo maka: ku sa 'yan shekarar farko cikin komiti tun yanzu, don ranar da kuka karɓi lasisinku kuka tafi bautar ƙasa, littafin ya samu hannun da zai karɓa.

Ƙari biyu daga gare ni. 'Yan uwanmu mata su shiga shugabanci, ba rabon ruwa a taro kaɗai ba, kuma a sa lokacin aiki da rana yadda iyaye za su yarda. Su ne ke iya shiga cikin gida inda maganar ruwa da takardar haihuwa take. Sannan ku kiyaye mutuncin mutane. Talaucin wani ba kayan ado ne na shafinku ba. Kada ku ɗauki fuskar yaro ko tsohuwa sai da izini.

Akwai wanda zai ce muku, ku yi aikinku shiru, ban da tambaya, tambaya siyasa ce. Ku ba shi amsa da ladabi. Tun 2024 aka rushe majalisun gundumomi, waɗanda ke riƙe da su yanzu naɗa su aka yi. Kansilan da talaka zai tare a bakin masallaci ya yi masa ƙorafi babu shi. A irin wannan lokaci, takardar da ɗalibai suka rubuta da gaskiya, da adadi da kwanan wata, na cikin 'yan hanyoyin da kukan unguwa zai bi ya isa ofis. Ba zagi a ciki, ba hular jam'iyya, kuma mai mulki na gari ma yana buƙatar ta, don ba zai gyara abin da bai sani ba. In kun yashe magudana bana ba ku tambayi wa aka ɗora wa yashe ta ba, baɗi ma ku ne za ku yashe, har ku tsufa.

Ku tuna sunan wanda jami'armu ke ɗauke da shi. André Salifou ɗan garin nan ne, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, kuma da ƙasa ta buƙace shi a 1991, shi ya jagoranci babban taron ƙasa. Ku tuna ɗaliban da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. 'Yancin da ya ba mu damar taruwa a ɗaki irin wannan, wasu ne suka biya kuɗinsa.

Ƙannena, bencin da kuka zauna a kai tun daga firamare, da allon, da albashin malamin, da bursun da ake jira wata da watanni, duk daga dukiyar jama'a suka fito, daga harajin mai tallan ƙosai da mai kabu-kabu da manomin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Yaran da kuka fara aji ɗaya da su, nawa ne suka iso nan? Wasu sun fi ku kai, hali ne bai ba su ba. Shi ya sa na ce lambar yabon da ke hannunku bashi ce, masu bin ku kuma suna Birni, suna Zango, suna Sabon Gari, kuna wuce su kullum a hanya.

Kafin ku bar ɗakin nan, ku tsaida abu uku a rubuce: sunan unguwa, aikin da kuka zaɓa, da ranar da za ku je gaida mai unguwa. Maganar riguna a bar ta sai baɗi.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya ba Damagaram ruwa mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.