GUBAR DALMA A KWANUKAN CIN ABINCI

'Yan uwa, maganar da za mu yi yau a kan kwanon da muke cin tuwo a ciki ne. Wani zai ce wannan ai sha'anin mata ne. To amma sau da yawa kai ne mai shiga kasuwa ka sayo, kuma lafiyar iyali amana ce a wuyanka.

Ƙyallin nan da kuke gani a jikin tangaran, wani shafi ne da ake yi masa kafin a gasa shi. Wasu masu sana'ar sukan sa dalma a cikin shafin don ya yi saurin narkewa, ya kuma yi sheƙi. Idan gashin bai kai ba, sai dalmar ta riƙa sauka a cikin abinci, musamman mai tsami kamar kunun tsamiya, zoɓo, nono da miyar tumatir. Haka nan gilashin nan mai nauyi da ake kira kiristal, kashi 24 cikin 100 na nauyinsa, ko fiye, sinadarin dalma ne.

'Yan uwa, mu ba baƙin dalma ba ne. A shekarar 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gida. Ta kwano ba ta kai wannan yawa ba, amma taruwa take yi a jiki a hankali, ba ɗanɗano, ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, sai ka ga yaro ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa alhali ba laifinsa ba ne.

To mene ne abin yi? Tangaran da ya tsage, ko fentinsa ke gogewa, a daina cin abinci a ciki. Mai zanen ja, rawaya ko ruwan lemo ta ciki, in ba ka san asalinsa ba, bar shi ya zama ado. Kada a bar abu mai tsami ya kwana a tangaran ko kiristal. Wanki da tafasawa ba sa fitar da dalma. Kwanon silba, da gilashi fari maras zane, da ƙwarya da akushin kakanninmu, sun fi aminci.

Wanda ya ji ya isar wa iyayenmu mata da ƙannenmu. Allah ya tsare mana zuri'a. Wassalamu alaikum.