Jawabi a kan Abin da Sarar Katako ke Ɗauke wa Ƙasa

Duk wanda ya ƙona gungumen maɗaci ko doka ya ga tokar da ta rage. Tokar nan ita ce abincin da itacen ya tsotso daga ƙasa shekara da shekaru, watau kalsiyam da fotash da fosfaras. Amma ganye da ƙananan rassa da ɓawo sun fi zuciyar itace ƙarfin taki nesa ba kusa ba. In an fitar da gungume da ɓawonsa, hasarar ƙasa ta ƙaru. In kuwa aka cinna wa saura wuta, naitirojin ya bi hayaƙi. Saboda haka ya kamata hakimai su gargaɗi masu sara su ɓare gungume nan inda ya faɗi, su bar rassan su ruɓe.